Yadda Ake Hawan Dutsen Tubkal da Zamiya a Kan Ragowar Dusarsa a Ƙarshen Sanyi

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake hana mutanen Kano da Sakkwato da Maraɗi barci a cikin ɗaki, ƙololuwar dutsen Tubkal da ke kudancin Maroko takan kasance sanye da farin rawaninta na dusar ƙanƙara. Tsayin dutsen mita 4,167 ne, babu wanda ya kai shi a jerin tsaunukan Atlas ko a Arewacin Afirka baki ɗaya, kuma tazararsa da birnin Marakish ba ta wuce kilomita 60 da 'yan kai ba. Mutanenmu da yawa suna zuwa Maroko, wasu don ziyara a Fas, wasu don karatu ko fatauci, amma kaɗan ne suka san cewa tafiyar kwana uku ko huɗu daga Marakish tana iya kai mai lafiyayyen jiki wannan wuri. Abin da ya kamata mai niyya ya riƙe tun daga farko shi ne, dusar ƙarshen sanyi da agogo take aiki. Da asuba ta fi dutse tauri, da hantsi samanta ya yi laushi ta yi daɗin takawa, bayan azahar kuma ta jiƙe ta zama abin tsoro. Duk shirin da za a yi bayani a nan an gina shi ne a kan wannan sauyi na yini ɗaya.

Zaɓen lokaci

Dusa takan fara kwanciya a kan Tubkal daga wajen Nuwamba, ta yi kauri a Janairu da Fabrairu, sannan ta riƙa janyewa sama a hankali har zuwa Mayu. Wanda yake son zamiya, wato sulalowa a kan dusa da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa, daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu ya fi masa. Mai hawa da ƙafa yana iya jinkirtawa har ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da yini ya yi tsawo, sanyi ya ragu, dusar kuma ta rage a manyan kwaruruka kawai. Sai dai shekaru ba ɗaya suke ba, domin Maroko ta sha fama da fari a shekarun nan, kuma a shekarar fari dusar takan ƙare da wuri ko ta zo ba kauri, duwatsu na leƙowa ta ƙarƙashinta. Saboda haka kafin ka yanki tikitin jirgi, ka tuntuɓi ɗan jagoranka ya gaya maka inda dusa ta fara a wannan makon, ya turo maka hoto idan da hali. Ka kuma duba kalandar Musulunci, don a 2026 da 2027 azumin Ramadan ya faɗo ne cikin Fabrairu da Maris. Hawan mita dubu cikin busasshiyar iska ba aikin mai azumi ba ne, kuma 'yan jagora da 'yan dako na yankin Musulmi ne masu azumi, don haka ɗaga tafiyar zuwa bayan salla ya fi sauƙi ga kowa.

Jiki kafin kaya

Wuri mafi tsayi a Najeriya shi ne Cafal Wadi a jihar Taraba, mai mita 2,419, mafi tsayi a Nijar kuwa yana duwatsun Bagzan, mita 2,022. Masaukin da za ka kwana a Tubkal ya ɗara na farkon da kusan mita 800, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba daga doron teku. Jikin da ya tashi a irin wannan ƙasa bai taɓa sanin ƙarancin iskar da zai tarar ba, domin a mita 4,000 kowane numfashi yana kawo wa huhu kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar shaƙa da yake samu a bakin teku.

Akwai gwaji guda da nake roƙon kowane Bahaushe ya yi kafin komai, wato gwajin jini na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, da yawa kuma ba su sani ba saboda ba ya damunsu a gida. A kan tsauni lamarin yana iya sauyawa, domin ƙarancin iska da rashin ruwa a jiki da wahalar tafiya sukan sa jini ya toshe a saifa, abin da yake zuwa da matsanancin ciwo a gefen hagu na saman ciki. Mai AS ya zauna da likita ya faɗa masa ainihin tsayin da zai hau, mai SS ko SC kuwa ya haƙura da wannan dutse gaba ɗaya. Haka ma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, ya nemi shawara tun da wuri. A wannan zaman ne za ka tambayi likita game da maganin asetazolamid, wanda ake sha don taimaka wa jiki sabawa da tsayi.

Horo kuwa ba ya bukatar wata na'ura. Wata uku kafin tafiya ka riƙa goya jaka mai nauyin kilo 8 zuwa 10 kana hawa kana sauka, sau uku a mako, a kan Dala ko Goron Dutse ko Kufena ko duwatsun Shere na Jos, in babu dutse kusa matakalar bene ma ta isa. Ka yi horon da takalman da za ka tafi da su, don sabon takalmi shi ne yake fara kayar da matafiyi.

Maganar zamiya ita ce wadda ba na son a yi mata gaggawa. Wanda bai taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafarsa ba kada ya ce a Tubkal zai koya, domin can babu hanyar da aka share, babu shinge, babu mai tsaro. Wurin koyo shi ne Ukaimedan, filin zamiya mai nisan kilomita kusan 75 daga Marakish, wanda yake farawa daga mita 2,600, inda ake samun masu koyarwa da kayan haya idan dusa ta sauka a Janairu da Fabrairu. Sai wanda ya iya juyawa da tsayawa cak a kan gangara mai tsanani, a dusa mai tauri da mai laushi, shi ne zai hau Tubkal da alluna. Sauran mutane su hau da ƙafa su sauko da ƙafa, ƙololuwar dai ita ce.

Kayan da ba a barinsu

Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita dubu na hawa. Ke nan safiyar da Marakish take da digiri 12, saman Tubkal yana iya zama 12 ƙasa da sifili, kafin a sa lissafin iska. Maganin wannan shi ne tufafi hawa-hawa: riga mai kama jiki ta ulu ko zaren roba, sai mai ɗumi a kanta, sai babbar rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa, sannan wata mai kauri a cikin jaka don lokacin hutu. Auduga, wadda ita ce abokiyarmu a zafin gida, a nan abokiyar gaba ce, domin tana shan gumi ta ƙi bushewa, ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ka tanadi safar hannu biyu, siririya da mai kauri, da hular da ta rufe kunne, da tocila ta goshi tare da batir na ajiya wanda za ka sa a aljihun ciki, don sanyi yana kashe batir.

Baƙin tabarau mai rufe gefen ido wajibi ne. Farar dusa tana mayar da mafi yawan hasken ranar da ya sauka a kanta, hasken kuma ya fi ƙarfi a kan tsauni, kuma yana ƙona ido ba tare da an ji ba, sai da dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman leɓe da ƙarƙashin hanci, saboda haka man kariya daga rana ba kayan Turawa kaɗai ba ne.

Mai tafiya da ƙafa yana bukatar takalmi mai taurin tafi, da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura masa a ƙasa, da gatarin ƙanƙara, da hular kwano. Ana samun hayar waɗannan a shagunan Imlil, ƙauyen da ake fara hawa daga cikinsa, amma ka gwada ƙarafan a kan takalminka a cikin shagon, ka girgiza ƙafa ka tabbata ba sa motsi. Mai zamiya zai ƙara da alluna masu maɗaurin da ke sakin diddige lokacin hawa, da fatun da ake manna wa ƙasan alluna don hana su komawa baya, da ƙananan wuƙaƙen da ke cizon dusa mai tauri. Gara ya zo da nasa waɗanda ya saba da su. Sannan kowane mutum a cikin ayari ya ɗauki abubuwa uku na ceto: na'urar da ke aika sigina idan dusa ta zaftaro ta binne shi, da dogon tsinken lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yana da babban rabon tsira, bayan haka rabon yana faɗuwa da sauri, shi ya sa abokan tafiya ne kaɗai suke iya ceto a kan lokaci. Ku yi atisayen ɓoye na'ura da nemanta a gefen masauki kafin ranar hawa.

Daga Marakish zuwa masauki

Jirgin ƙasa yana kawo mutum daga Kasablanka zuwa Marakish cikin kimanin awa uku. Daga nan tasi ce, awa ɗaya da rabi ta garin Asni, zuwa ƙauyen Imlil mai tsayin mita 1,740, inda kwalta ta ƙare wa masu hawa. Ka ciri isasshen dirhami tun a birni. Mutanen kwarin Amazigawa ne masu magana da harshen Tashelhit, suna jin Larabci, da yawansu kuma suna jin Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa ɗan Nijar. Girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe mutane kusan dubu uku, a wannan lardi na Alhauz ta fi ɓarna, kuma kuɗin da baƙo yake kashewa a masaukan ƙauye da hayar alfadarai yana shiga hannun waɗanda suka sake gina gidajensu ne.

Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido daga Denmak da Norwe a kusa da Imlil cikin Disamban 2018, hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora, kuma akwai wuraren binciken jami'an tsaro a hanya, don haka fasfo ya kasance a jikinka. Ka nemi jagora mai lasisi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana aikin lokacin dusa, idan kuma zamiya za ka yi, ko shi ma yana zamiya. Ba kowane jagoran rani ne ya san dusa ba.

Ka kwana a Imlil, kwana biyu ma ya fi, ka yi amfani da yinin tsakiya wajen hawa wani mashigin dutse na kusa ka dawo. Dalili shi ne ƙa'idar likitocin tsauni ta ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗaga fiye da mita 500 a dare guda, alhali tsakanin Imlil da masauki akwai kusan mita 1,500 a yini ɗaya. Ba za a iya kauce wa wannan tsalle ba sai dai a rage kaifinsa da haƙuri.

Hanyar tana bi ta ƙauyen Armud, ta ratsa faffaɗan kwarin rafi mai tsakuwa, ta hau zuwa Sidi Shamharush a wajen mita 2,300, inda akwai wani katon farin dutse da mutanen ƙasar suke ziyarta da 'yan rumfunan shayi. Daga nan hawa ne a hankali har masauki, jimilla awa biyar zuwa shida. Alfadarai suna ɗaukar kaya har iyakar dusa, daga nan 'yan dako su karɓa, don haka a yi cinikin duka biyun tun a Imlil, kuma kada a matsa wa mai alfadari ya shigar da dabbarsa inda ƙafarta za ta nutse. Masaukai biyu ne a jere a mita 3,207, ɗaya na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa reshen Kasablanka, ɗayan kuma ana kiransa Muflon. Ana kwana ne a ɗakuna na tarayya, ana ba da abinci mai zafi, kuma kama wuri tun da wuri ya fi.

Washegari kada ka nufi ƙololuwa. Ka bi kwarin da ya yi kudu zuwa mashigin Tizi Wagan, kimanin mita 3,750, ka dawo ka sake kwana. Wannan yinin ne za ka koyi tafiya da ƙarafa ƙafa a buɗe don kada haƙori ya kama wando, da yadda ake kifewa a kan gatari a caka bakinsa cikin dusa idan an zame. Shi ne kuma yinin sauraron jiki. Ciwon kai kaɗan da rashin barci abu ne da aka saba gani, maganinsa hutu da ruwa. Ciwon kan da ya ƙi jin magani tare da amai yana nufin kada a ƙara hawa. Idan kuwa mutum ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko maganarsa ta rikice, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, ko tari ya zo da kumfa, to a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne. Ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, ka ɗumama ruwan alwala, ka busar da ƙafa sarai kafin ka mayar da safa, kuma ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da shafa a kan huffi da taimama tun kana gida.

Ranar ƙololuwa

Abu na farko da za ka yi idan ka farka shi ne ka fita ka taka dusar da ke bakin masauki. Idan daren ya yi garau da taurari, dusar za ta daskare ta ɗauki nauyinka ba tare da ta fashe ba, wannan ita ce ranar tafiya. Idan gajimare ya rufe sama ya hana sanyi sauka, ƙafarka ta nutse tun da asuba, to dusar ba ta ɗaure ba kuma za ta lalace da wuri, sai a rage buri ko a fasa. Haka nan idan sabuwar dusa ta zubo da yawa ko iska ta kwana tana tara ta a wani gefe, a ba ta kwana ɗaya ko biyu ta zauna. Mafi yawan zaftarewar dusa tana faruwa ne a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma irin wannan karkata ce mai zamiya ya fi sha'awa.

Hanyar da aka fi bi ita ce kwarin Ikibi na kudu, hawan mita 960 cikin awa uku zuwa huɗu. Masu ƙafa sukan tashi tsakanin ƙarfe huɗu da shida na asuba. Ana tsallaka rafi a bayan masauki, sai a fuskanci gangarar farko wadda tana cikin mafi tsanani a duk hanyar, kuma cikin duhu ake hawanta, saboda haka a ɗaura ƙarafa tun daga ƙasa, mai alluna ma sau da yawa gara ya goya su a jaka har ya wuce nan. Bayan haka kwarin yana buɗewa, hawa ya yi sauƙi, har a kai mashigin Tizi Tubkal a wajen mita 3,950, inda iska take tarbar mutum. A nan ake ƙara riga, a ci dabino, a juya hagu a bi ƙashin bayan dutsen. Kafin a kai sama akwai wani yanki da ake ratsawa a kaikaice, rami na gefe guda, kuma idan ya daskare shi ne wuri mafi haɗari a tafiyar. A bi shi ɗaya bayan ɗaya, gatari a hannun da ke wajen dutse, kowane taku a dasa shi kafin a ɗaga na biyu. A ƙololuwa akwai wata dalar ƙarfe, daga nan ana hango filin Marakish ta arewa da jerin duwatsun da suka gangara wajen Sahara ta kudu. Turawan da aka fara rubuta hawansu, Sagonzak da abokansa biyu, sun tsaya a nan ne ranar 12 ga Yunin 1923.

Ku yanke lokacin juyawa tun a masauki, ku kuma cika shi ko saura taku ɗari ne. Tafiyar ƙafa a hankali ce, irin wadda mutum zai iya magana a cikinta ba tare da haki ba.

Ga mai zamiya, lissafin saukowa shi ne zuciyar al'amarin. Rana tana fara laushe gangaren da ke kallon gabas, sai na kudu, sai na yamma, na arewa kuwa yakan daɗe da taurinsa. Kwarin Ikibi yamma yake kallo, rana ba ta shigarsa da wuri, don haka wanda ya yi sammako ya sauko ƙarfe takwas zai tarar da ƙanƙara mai santsi wadda bakin allo ba ya kamawa, wanda kuma ya yi jinkiri har la'asar zai tarar da taɓo mai nauyi mai karya gwiwa. Abin da ake nema yana tsakani, lokacin da saman dusar ya narke da kaurin yatsa biyu ya zama ƙwayoyi kamar tsakin masara, ƙasanta kuma yana nan da ƙarfinsa. Shi ya sa masu alluna sukan tashi a bayan masu ƙafa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka cire allo ka taka da takalmi. Idan bai bar sawu ba, a jira. Idan ya nutse kamar kaurin yatsa biyu, lokaci ya yi. Idan ya wuce idon sawu, ko ka ga dunƙulen dusa suna gangarowa da kansu daga gindin duwatsu, ko ka matse dusa ruwa ya ɗiga, lokaci ya wuce, a bar duk gangara mai tsanani a bi inda ya fi kwanciya.

Iska takan share dusar ƙashin bayan dutsen, saboda haka mafi yawa ana ajiye alluna a mashigi, a ƙarasa da ƙafa, a dawo a ɗaura. A sauka mutum ɗaya a lokaci guda, sauran suna kallonsa daga wurin da zaftarewa ba za ta same su ba, kuma kada wanda ke sama ya ratsa ta kan masu hawa da ke ƙasa. Kusa da baƙaƙen duwatsu dusa takan ruɓe ta ciki saboda zafin da dutse ke riƙewa, a kan rafi kuma takan zama gada mai rami a ƙarƙashi, wadda ta ɗauke ka da asuba amma ba lalle ta ɗauke ka da rana ba. Duk inda ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafarka, ka kauce. Mai ƙafa ma ya kula da dusa mai laushi da ke dunƙulewa a tsakanin haƙoran ƙarfe har ta hana su cizo, ya riƙa bugun gefen takalmi da ƙotar gatari, kuma kada ya zauna ya sulale da ƙarafa a ƙafarsa, domin haƙori ɗaya ya kama, ƙafa ce za ta karye.

Mai sauran ƙarfi yana iya ƙara kwana ya hau tagwayen ƙololuwar Wanukrim, wato Ras mai mita 4,083 da Timizgida mai mita 4,089, waɗanda masu zamiya da yawa suke fifitawa a kan Tubkal kansa. Wanda ya gama kuwa ya ci abinci a masauki, ya tattara duk sharar da ya zo da ita, don dutsen yana cikin gandun da hukuma ta keɓe tun 1942, ya kama hanyar Imlil wadda take cin awa uku zuwa huɗu. A sanar da mai alfadari sa'ar da zai jira a iyakar dusa, a kuma ware wa jagora da mai dafa abinci da 'yan dako tukuicinsu daban da kuɗin da aka yi ciniki, a damƙa wa kowa nasa a hannunsa kafin a shiga mota.